DARASI: MAI-ƊAGA-WUTSIYA, ƘWARON DA KE FARAUTA CIKIN KASHIN SHANU



Galibi in mun yi maganar ƙwari a cikin wanga bugu, maganar abokan gaba ce: kaska, ƙwarƙwata, sauro da ƙuda. Yau kuwa za mu yi karatu a kan wani ɗan ƙwaro da ke yi muna aiki dare da rana cikin garke ba tare da albashi ba. Da yawa daga cikinku kun sha ganin shi, amma ba ku kula ba. Wasu kuma sun san shi ta hanyar da ba daɗi, don akwai wani ɗan uwansa da ke ƙona fatar mutum in an murje shi a jiki. Saboda haka darasin namu yana da fuska biyu: yadda za mu ci amfaninsa, da yadda za mu tsare kanmu daga cutarsa.

1. YAYA ZA KU GANE SHI?

A takardun faransanci ana ce mashi sitafilan. Mu a nan za mu kira shi mai-ɗaga-wutsiya, don wannan ita ce ɗabi'ar da kowa zai iya shaida shi da ita. Dangi ne babba ƙwarai: masana sun rubuta iri sama da 60.000 a duniya. Waɗanda ke cikin takin dabbobinmu ƙanana ne, yawancinsu daga milimita 3 zuwa 12, wato kamar tsawon ƙwayar shinkafa ko ƙasa da haka. Launinsu baƙi ne ko ruwan ƙasa, wasu suna ƙyalli.

Ga alamomi huɗu:

a) Jiki siriri, dogo, mai ƙafa shida da gashin baki biyu a kai.

b) Buzuzu da sauran danginsa suna da murfi mai tauri da ya rufe bayansu duka. Shi kuwa murfinsa gajere ne, kamar wanda ya sa ƴar shara: ya rufe kafaɗu, ya bar sauran jiki a waje. A ƙarƙashin wanga ɗan murfi ne yake naɗe dogayen fukafukansa. Yana tashi sosai, kuma in ya sauka da wutsiya yake tura fukafukan su koma ciki.

c) In an taɓa shi sai ya ɗaga wutsiya sama kamar kunama, ya ruga. Barazana ce kawai, ba shi da ƙari, ba ya harbi. Wasu iri suna fitar da ruwa mai wari daga ƙarshen wutsiyar don su kori mai neman cin su.

d) Bakinsa yana da haƙora biyu masu lanƙwasa kamar lauje. Da su yake kama abin farauta, ya huda, ya tsotse ruwan jikinsa.

Kada ku haɗa shi da ƙwaron nan mai almakashi a ƙarshen wutsiya da ake gani cikin ganyen masara da dawa. Mai-ɗaga-wutsiya ba shi da almakashi.

2. INA YAKE ZAMA?

Da yake rabin jikinsa a buɗe yake, rana da iska mai zafi suna busar da shi da sauri. Shi ya sa ba ya nisa da laima. Za ku same shi ƙarƙashin kashin shanu ɗanye, cikin ramin taki, ƙarƙashin ruɓaɓɓen haki, kusa da mushe, bakin rijiya da wurin shayar da bisashe, cikin fadama da lambuna. Da rana yana ɓoye, da magariba da dare yake fitowa. Siririn jikinsa mai lanƙwasa shi ke ba shi damar bin ƴan ramukan da tsutsa da buzuzu sunka haƙa cikin kashi, inda kaza ko balbela ba su iya kai baki.

Da damana yake yawa. In rani ya yi, kandilo ya bushe ƙarau cikin kwana biyu, sai ya koma inda ruwa bai yanke ba: bakin tabkuna irin na Madarunfa da Tabalak, kwarin Gulbin Maraɗi da Majiya, koramun jihar Damagaram, gonakin ban ruwa na Jirataua da Ƙonni, da gonakin shinkafa na bakin kogin Kwara. Daga can yake sake bazuwa in ruwa ya sauka.

3. YADDA YAKE HAIHUWA

Rayuwarsa tana da zango huɗu: ƙwai, tsutsa, kwanciya, sannan babban ƙwaro. Macen tana aje ƙwai ɗai-ɗai cikin kashi ko cikin ƙasa mai laima da ke ƙarƙashinsa. Bayan ƴan kwanaki tsutsa ta fito. Ba irin tsutsar ƙuda ba ce: tana da ƙafa shida, da kai mai tauri, da haƙora irin na uwarta, kuma tun ranar farko farauta take yi. Tana saɓa sau biyu ko uku, sannan ta shiga ƙasa ta kwanta ba ci ba motsi har ta rikiɗa. Lokacin zafi da laima, daga ƙwai zuwa babban ƙwaro ana yin kamar mako 3 zuwa 6, gwargwadon iri.

Ku riƙe wanga lissafi da kyau, don za mu dawo kansa: ƙuda yana gama nasa zagaye cikin kwana 7 zuwa 10, mai-ɗaga-wutsiya kuwa sai ya kai wata guda.

4. MI YAKE CI, KUMA MI YA SA YA SHAFE MU?

Saniya ɗaya tana yin kashi wajen sau 10 zuwa 12 a yini. Kafin kashin ya huce ƙudaje sun sauka sun zuba ƙwai. Macen ƙudan gida tana zuba ƙwai 100 zuwa 150 a zama guda, kuma tana maimaitawa sau da yawa a rayuwarta. Ƙwan yana ƙyanƙyashewa cikin ƙasa da kwana ɗaya. Ku lissafa garke mai shanu 30 da damana. Da a ce duk ƙwan nan yana rayuwa, da ba mai iya tatsa ko cin tuwo a waje.

Ƙudajen da ke fitowa daga kashi da taki ba damuwa kaɗai suke kawowa ba:

– Ƙuda mai cizo, wanda ya yi kama da ƙudan gida amma bakinsa tsini ne, yana haihuwa cikin takin da ya gauraya da haki da fitsari, irin wanda ke taruwa ƙarƙashin turke. Ƙafafun dabba yake bi yana shan jini. Dabba ta wuni tana buga ƙafa, ba ta ci sosai ba, nono ya ragu, ƙiba ta tsaya. Yana kuma iya ɗaukar ƙwayar sammore a bakinsa daga dabba marar lafiya zuwa mai lafiya.

– Ƙananan ƙudaje masu shan jini da ke taruwa a tozo da gindin ƙaho, su cikin ɗanyen kashin shanu kaɗai suke haihuwa.

– Ƙudajen da ke bin hawaye suna yaɗa ciwon ido tsakanin shanu. A wajen mutane kuma suna cikin abin da ke yaɗa amodari ga yara, ko da yake shi wanga ƙuda ya fi son bayan gidan mutum da anka bari a fili.

To, a nan aikin mai-ɗaga-wutsiya yake. Warin ɗanyen kashi ke kiran shi, ya zo a tashi. Akwai ƙungiya biyu da ya kamata ku sani.

Ta farko masana suna ce mata Filontus. Su mafarauta ne kai tsaye. Babba da tsutsarsa duka suna cin ƙwan ƙuda da ƙananan tsutsotsinsa.

Ta biyu ana ce mata Aleyokara, kuma aikinta abin mamaki ne. Babban yana cin ƙwai da tsutsa kamar na farko. Ɗiyansa kuwa wata hanya suke bi. Kun san tsutsar ƙuda in ta ƙoshi sai ta shiga ƙasa, fatarta ta yi tauri ta zama ɗan ƙwanso mai ruwan ƙasa, kamar kashin kusu. A ciki take rikiɗa ta zama ƙuda. Ƴar tsutsar Aleyokara tana yawo cikin ƙasa har ta samu wanga ƙwanso, ta huda shi, ta shiga, ta toshe hudar a bayanta. Sai ta zauna tana cin ƙudan da ke ciki har ta ƙare shi. A ƙarshe, maimakon ƙuda, mai-ɗaga-wutsiya ne zai fito. Kowane ɗa guda da ya girma, ƙuda guda ya mutu.

A wasu ƙasashe an ɗauki abin da muhimmanci. A shekarun 1960 an kai wani irin Aleyokara daga Faransa zuwa Amurka don yaƙi da ƙudan da ke damun fuskar shanu. A Turai kuma akwai wani ƙaramin iri da ake kiwo ana sayar ma masu noman lambu cikin rumfunan gilashi, su saki don ya cinye tsutsar ƙwari cikin ƙasa. Abin da wasu ke saye da kuɗi, mu Allah ya ba mu danginsa kyauta.

Amma mu faɗi gaskiya. Shi kaɗai ba ya ƙare ƙuda. Yana aiki ne tare da buzuzu, wanda ke binne kashi yana busar da shi, da kaji, zabi da balbela masu tono. Kuma ba ruwansa da kaska. Ba ya kaiwa ga bobuwa, wadda ke haihuwa cikin laka, ko tsando, wanda ba ya haihuwa cikin kashi. Waɗannan maganinsu daban.

5. YADDA MUKE KASHE SHI BA MU SANI BA

Hanya ta farko ita ce feshi a kan taki. In ƙuda ya yi yawa, wasu sai su ɗauko ragowar maganin wake ko na kaɗa su fesa a kan juji da ƙarƙashin turke. Kwana biyu a ga sauƙi. Bayan mako biyu ƙuda ya dawo fiye da da. Dalili shi ne lissafin da munka yi a baya: magani ya kashe ƙuda da mai cin ƙuda gaba ɗaya, ƙuda ya farfaɗo cikin kwana 10, mafarauci kuwa yana buƙatar wata guda. Tsakanin nan fili ya zama na ƙuda shi kaɗai. An kashe kuɗi, an kori mai gadi, an bar ɓarawo. Ban da haka maganin gona guba ne ga kaji da ƴan awaki masu lasar ƙasa.

Hanya ta biyu ita ce allurar ibermektin ba bisa ƙa'ida ba. Wanga magani ya shigo kasuwar duniya a 1981, kuma magani ne mai kyau ga tsutsar ciki, ƙazwa da ƙwarƙwata. Sai dai mafi yawansa yana fita cikin kashin dabba da ƙarfinsa, har tsawon makonni. A 1987 masu bincike a Ingila sun nuna cewa kashin maruƙan da anka ba wanga magani ba ya samun ƙwari, kuma yana daɗewa a ƙasa bai ruɓe ba. Tsutsar buzuzu tana mutuwa a cikinsa, mai-ɗaga-wutsiya ya rasa abinci da hanyoyin shiga. Haka ma magungunan kaska da ƙuda da ake zubawa a gadon bayan dabba, wani kashi nasu yana biyo kashi ya kashe ƙwari.

Ba mu ce ku bar yi ma dabba magani ba. Dabba marar lafiya a yi mata magani. Abin da muke ja maku kunne a kai shi ne al'adar da ta shigo ta soka ma garke duka allura kowane wata don wai tana sa ƙiba. Ibermektin ba abinci ba ne. Ba ya kashe tsutsar hanta, ba ya warkar da sammore. Yawan yin shi ba dalili yana sa tsutsar ciki ta saba da shi, ranar da ake buƙata ya ƙi aiki. Awonsa ga shanu, in mai ƙarfin kashi 1 cikin 100 ne, mililita 1 ga kowane kilo 50 na nauyin dabba, ƙarƙashin fata. Ba a yi ma saniyar da ake shan nononta, kuma akwai kwanakin da za a jira kafin yanka, suna rubuce a jikin kwali. Ku tambayi ma'aikacin kiwo na wajenku kafin ku saya.

6. ABIN DA ZA KU YI A GARKE DA TURKE

1) Ku kwashe jiƙaƙƙen taki da ragowar haki ƙarƙashin turke aƙalla sau ɗaya a mako, da damana sau biyu. Ta haka kuna yanke zagayen ƙuda kafin ya cika.

2) Ku zuba shi cikin ramin taki nesa kaɗan da ɗaki, ku tara shi da tsawo, ku rufe da ƙasa ko tsohon taki. Zafin da ke tashi a tsakiya yana kashe tsutsa. Gefe-gefen da ba su yi zafi ba, nan mai-ɗaga-wutsiya ke aikinsa.

3) In za ku kai taki gona, kada ku share ramin ƙarƙaf. Ku bar kaɗan na tsohon a gindi, don a cikinsa ƙwai da ɗiyan mafarauta suke. Su ne irin gaba.

4) Ku gyara wurin shan ruwa kada ya riƙa zuba yana jiƙa taki.

5) Kada ku fesa magani a kan taki. In tilas ta sa, a fesa a bango da ginshiƙan rumfa inda ƙuda ke kwana, da maganin da anka yi don haka, bisa shawarar ma'aikaci.

7. ƊAN UWANSA MAI ƘONA FATA

Yanzu ga fuska ta biyu. Cikin dangin akwai wanda ake kira Pederus. Tsawonsa milimita 7 zuwa 10, ya yi kama da babban cinnaka. Launinsa a jere yake: kai baƙi, wuya ja, ɗan murfi baƙi mai ƙyallin shuɗi, ciki ja, ƙarshen wutsiya baƙi. Wurinsa gonar shinkafa, lambu, fadama da bakin ruwa. Shi ma mafarauci ne, yana cin darɓa da ƙananan ƙwarin da ke tsotse shinkafa da masara. Ga manomi aboki ne.

Ba ya cizo, ba ya harbi. Amma cikin jininsa akwai guba mai suna pederin, wadda wasu ƙwayoyin halitta da ke zaune cikin jikinsa ke haɗawa. Macen ta fi yawan ta, kuma tana sa ta cikin ƙwanta don ta kare ɗiyanta daga gizo-gizo. Gubar ba ta fita sai an murje shi.

Da dare hasken fitila ke jawo shi, musamman farin haske. Ni kaina na ɗanɗana. Wata shekara, ƙarshen damana, muna rangadi a wani ƙauye na bakin fadama, ina rubuta lissafin bisashe ƙarƙashin fitila, na ji abu na tafiya a wuyana. Na kai mari, na goge, na ci gaba da rubutu. Daren nan ban ji komi ba. Kwana biyu bayan haka sai ga jan zane a wuyana kamar an ja mani bulala, da ƙananan bororo a jere, yana zugi kamar ƙunar wuta. Mako biyu ina fama, baƙin tabon kuwa ya yi watanni.

Haka ciwon yake. Yana bayyana bayan awa 12 zuwa 48, shi ya sa mutane ba su haɗa shi da ƙwaron. Wasu su ce fitsarin gizo-gizo ne, wasu su ce sammu. Alamarsa zane ne dogo, bin hanyar da hannu ya goge. In a lanƙwasar gwiwar hannu ne, sai ya fito gefe biyu masu fuskantar juna. Mafi hatsari shi ne mutum ya murje shi sannan ya sosa ido: ido ya kumbura, ya yi ja, ya rufe. A Kenya, bayan ruwan sama mai yawa na 1997 da 1998, ƙwaron ya yi yawa har ya addabi birnin Nairobi, kuma a can da sunan birnin ake kiran shi. Ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, sai dai gubar da ta rage a hannu, tufafi ko zanen gado.

Ga kariya:

– In kun gan shi a jiki, ku hure shi da baki ko ku sa takarda ya hau ku yar. Kada ku mara, kada ku murje. Ku koya ma yara haka.

– In an riga an murje, nan take a wanke wurin da hannuwa da ruwa da sabuni sosai. Wankin da anka yi cikin mintocin farko shi ke hana ƙunar ko ya rage ta. A wanke rigar ma.

– Matacce ma gubarsa na nan. A share da tsintsiya, ba da hannu ba.

– Lokacin da yake yawa, wato ƙarshen damana da lokacin yankan shinkafa, ku nesanta fitila daga shimfiɗa, ku kashe ta kafin barci, ku kwana cikin sange, ku kakkaɓe shimfiɗa.

– In ƙunar ta fito, a sa tsumma mai tsabta da ruwan sanyi. Kada a fasa bororon. Kada a shafa toka, man birki ko kashin shanu. In ta yi faɗi ko ta yi ruwa, a je gidan likita. In ido ne, a wanke da ruwa mai tsabta da yawa, a je likita ranar nan.

Kada kuma ku haɗa shi da hangara, wadda ke sauka a kan zangarniyar hatsi lokacin bununi. Ita ma tana ƙona fata, amma ta fi girma nesa, murfinta ya rufe bayanta, kuma dangi daban ce. Ga masu dawaki da jakuna ita ce abin tsoro, don in ta mutu cikin harawa dabba ta ci, gubarta na kawo ciwon ciki mai tsanani har mutuwa. Ku kakkaɓe harawa kafin ku ɗaure, ku duba kafin ku ba dabba.

8. KU GWADA DA KANKU

Gani ya kori ji. Da damana, ku nemi kashin saniya mai kwana 2 ko 3, wanda samansa ya bushe cikinsa ɗanye. Ku ɗebe shi da ƴar ƙasar ƙarƙashinsa ku zuba cikin bokitin ruwa, ku motsa da icce. Ƙwarin ciki za su taso sama. Ku nemi masu ƴar shara. Ku yi haka da kashin dabbar da anka yi ma allura cikin makon nan, ku gwada yawan ƙwarin.

Gwaji na biyu: ku tona gefen juji ku tsinci ƙwanson ƙuda kamar 50, ku sa cikin kwalba da ƴar ƙasa mai laima, ku ɗaure baki da ƙyalle, ku aje a inuwa wata guda. Ku ƙirga ƙudajen da sunka fito, ku duba ko wani abu daban ya fito.

TAMBAYOYI DON TATTAUNAWA A ƘUNGIYA

1. Waɗanne alamomi ne ke raba mai-ɗaga-wutsiya da buzuzu?
2. Mi ya sa ƙuda ke ƙaruwa bayan an fesa magani a kan taki?
3. Sau nawa ya kamata a kwashe taki ƙarƙashin turke da damana, kuma don mi?
4. Yaro ya murje Pederus a hannu. Mi za a fara yi?

Wanda ya iya karatu ya karanta ma wanda bai iya ba. Wanda ya yi gwajin ya kawo ma ma'aikacin kiwo na wajensu abin da ya gani. Allah shi ba mu damana mai albarka, shi tsare muna bisashenmu. Amin.